Shin Ko Kun San? Hadarin Birnin Gwari da Guguwar Teku 'Yan Gida Ɗaya Ne

Shin ko kun san cewa ruwan da ke sauka a dajin Kamuku daga teku ya taso? Iskar damina ce ke kwaso danshi daga Tekun Atalantika, ta wajen Legas da Kwatano, ta yo arewa da shi. Sai dai ita daga kudu maso yamma take busowa, shi kuwa hadari yawanci daga gabas yake tasowa. Manomin Randagi ko Kuyello ba ya bukatar a gaya masa: da gabas ta yi baƙi, sai a kwashe shanya. Dalili shi ne, can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Bambancin zafin Sahara da sanyin teku ne ya haife ta, kuma ita ke kora hadari yamma.

Ko kun san ruwan nan gida yake komawa? Ya bi Kogin Mariga ya faɗa Kogin Kaduna, Kaduna ta miƙa shi ga Neja, Neja ta zuba shi a teku.

Ga abin da ya fi ɗaukar hankali. Iskar nan ta sama ba a miƙe take tafiya ba, tana yin lanƙwasa, kuma kowace lanƙwasa tana tafe da tarin hadari. Duk kwana 3 zuwa 5 sai ɗaya ta ratsa ta kanmu, kimanin 60 a shekara. Da yawansu daga tsaunukan Habasha da Darfur suke farawa, su ratso Chadi, su ƙara ƙarfi a tuddan Jos. Hadarin da ya yaye kwanon rufi a Birnin Gwari yakan mutu cikin sa'o'i, amma lanƙwasar da ta kawo shi ba ta mutuwa. Tana ci gaba tana haifar da sabon hadari a Yamai, a Bamako, har cikin kusan kwana huɗu ta faɗa teku ta gaɓar Sanigal ko Gini. Idan ta tarar da ruwa mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai digiri 26 da rabi, sai ta fara juyawa tana zuƙar tururi. Da gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa ɗaya, ta zama mahaukaciyar guguwa.

Shin ko kun san kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atalantika ta wannan hanya suke fitowa? Shi ya sa lokacinsu, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya haɗu da daminarmu, kuma sun fi tsanani a Agusta da Satumba, daidai lokacin malka.

Guguwar Andrew da ta ragargaji kudancin Fulorida ranar 24 ga Agusta, 1992, kwana goma kafin nan ta bar gaɓar Afirka. Guguwar Irma kuwa ta bar gaɓar ranar 27 ga Agusta, 2017. Ranar 6 ga Satumba ta isa tsibirin Barbuda da iska mai gudun kilomita 285 a awa, ta lalata kusan duk gine-ginensa, har aka kwashe mutanen tsibirin baki ɗaya zuwa Antigua.

Ko kun san lokacin da muke kukan fari, Amurka hutu take samu? A 1990 wani masani mai suna William Gray, na jami'ar jihar Kwalorado, ya nuna cewa daga 1947 zuwa 1969, lokacin da damina ke kyau a yammacin Sahel, manyan guguwoyi sun yawaita a gaɓar gabashin Amurka. Daga 1970 zuwa 1987 kuwa, shekarun farin 1973 da 1984 da dattawanmu ba su manta ba, sai suka ragu ainun. Busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ma takan shaƙe guguwa tun tana jaririya a kan teku.

To, me ya hana irin wannan guguwa faɗa wa Legas ko Fatakwal? Gaɓar Najeriya ta yi kusa da tsakiyar duniya, inda juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa iska ta zama guguwa, ga shi kuma hadarin yamma ya nufa. Wannan bai sa gaɓar ta tsira ba. A Agustan 2012 teku ta tumbatsa ta share matsugunin Kuramo a Legas, an yi asarar rayuka, garin Ayetoro na jihar Ondo kuwa har yanzu ruwa na cin sa.

Tsibiran Kef Bad, inda guguwoyin nan ke kama ƙarfi, ba kasafai suke shan dukansu ba. Amma ranar 31 ga Agusta, 2015, guguwar Fred ta ratsa su, irinta ta farko tun 1892.

Kuma ba sai hadari ya zama mahaukaciyar guguwa yake kisa ba. Ranar 26 ga Satumba, 2002, jirgin ruwan Le Joola ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar. An ƙera shi don fasinja 536, aka loda masa kusan mutum 2,000. Da dare hadari ya riske shi daura da Gambiya, cikin 'yan mintoci ya kife. Mutum 1,863 hukuma ta ƙirga sun rasu, 64 kaɗai suka tsira. Adadin ya zarce na Titanic a 1912, amma mutum nawa a cikinmu suka taɓa jin sunan jirgin? Masu kwale-kwale a tafkin Shiroro da na Kainji da irin wannan iska suke fama, da irin wannan lodi.

Shin ko kun san duk da haka Afirka ce ta fi ko'ina ƙarancin tashoshin auna yanayi? Hukumar yanayi ta duniya ta ce abin da muke da shi kashi ɗaya ne cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake bukata. Turawa sun san darajar samaniyarmu, shi ya sa a 2006 suka girke jirage da na'urori a Yamai suna bin diddigin hadarinmu. Muna kira ga hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da gwamnatin jihar Kaduna da su kafa tashoshin awo a yankin Birnin Gwari, su kuma riƙa isar da gargaɗin hadari da Hausa ta rediyo da wayar salula, domin manomi da matuƙin kwale-kwale su ji kafin iska ta iso.