Shin Maganin Kitsen Jini Yana Wanke Huhu?

Da zarar hunturu ya kama a Zariya, hazo ya rufe hanya daga Kwangila har Samaru, masu tsohon tari ne ke fara ji a jikinsu. A irin wannan lokaci ne wata magana ke yawo a kemis-kemis na Sabon Gari da majalisun unguwa: wai ƙwayar da ake ba masu kitsen jini, irin su simvastatin da atorvastatin, tana wanke huhu, tana kashe kumburin ƙirji, har mutum ya ajiye maganin shaƙarsa. Ruwa ba ya tsami banza, akwai gaskiya a ciki. Sai dai ɓangaren da ya fi daɗin ji shi ne ƙaryar, kuma shi ke iya kai mutum gadon asibiti.

Ciwon da ake nufi shi ne wanda likitoci ke kira COPD, wato toshewar hanyoyin numfashi da ba ta warkewa ɗungurungum. Mai shi yana fama da tari da majina da haki, ɗan hawan bene ma sai ya tsaya ya huta. Taba sigari ce babbar sila, amma a wajenmu kada a manta da uwar da ta shekara talatin tana hura murhun itace a madafa marar taga, ko mai tuyar ƙosai, ko wanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon ya kashe mutum sama da miliyan 3 a shekarar 2019.

Gaskiya ne waɗannan ƙwayoyi, da ake kira statin, suna rage alamun kumburi a jini. Asalin aikinsu a hanta yake, inda suke hana ta sarrafa kitsen da ke toshe jijiyoyi, amma an daɗe da lura cewa suna sauke wani sinadari mai suna CRP, wanda ke hawa idan jiki na kumburi. An kuma duba takardun asibitoci aka ga masu COPD da ke shan statin kamar sun fi daɗewa a duniya. Daga nan fata ya taso, kuma likitoci da kansu sun yi wannan fatan.

Sai aka zo gwaji. A 2014 aka fitar da sakamakon babban binciken STATCOPE da aka yi a Amurka da Kanada kan masu COPD 885 waɗanda ba su da ciwon zuciya ko suga. An raba su gida biyu: wasu suna shan simvastatin miligiram 40 kullum, wasu ƙwayar da ba magani a cikinta. Tashin ciwon a shekara ya zo kusan kunnen doki, 1.36 da 1.39 ga kowane mutum. Numfashi bai ƙaru ba, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Wani ƙaramin gwaji a Nowe da rosuvastatin ya nuna CRP ya sauka, amma huhu yana nan yadda yake. Akwai wani na ƙasar Ostiriya a 2021 da ya ga jinkirin tashin ciwon, sai dai mutanensa kaɗan ne, bai isa a sauya ƙa'idar magani a kansa ba.

To, mai COPD ya daina sha ke nan? A'a. Wannan ma kuskure ne, kuma ina jin tsoronsa kamar na farkon. Ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna kashe masu COPD da yawa, musamman waɗanda suka sha taba. Idan likita ya rubuta wa mutum statin saboda zuciyarsa, ya riƙe shi da kyau. Zuciyar yake karewa, maganin shaƙa kuma yana buɗe hanyar iska, kowanne da aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne saye da ka a kemis. Mai tari yakan haɗa da maganin ƙwayoyin cuta, kuma clarithromycin da erythromycin ba sa shiri da simvastatin ko kaɗan. Suna hana hanta fitar da shi, ya taru a jini, ya lalata tsoka, wani lokaci har ƙoda ta taɓu. Wanda ya ji ciwon tsoka mai tsanani, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, ya nufi asibiti a ranar. Rifampicin na tarin fuka kuwa rage wa statin ƙarfi yake yi. Mai juna biyu ma ba a saba ba ta statin ba.

Kuma ba kowane tsohon tari ne COPD ba. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da zufar dare, gwajin majina yake buƙata, kuma Zariya tana da cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye. COPD kuwa ba a tabbatar da shi sai da gwajin hura iska a na'ura, wanda ke auna yawan iskar da mutum ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya. Mai hakin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya nemi ganin likitan ƙirji, ya tafi da duk kwalayen magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya.