Kotu ta hukunta, 'yan kallo sun ƙaru

A Fabrairun 2023 wata kotun shari'ar Musulunci a Kano ta sa 'yar TikTok Murja Ibrahim Kunya sharar Asibitin Murtala. Shekara na zagayowa Hisbah ta kama ta, ƙurar kuma ta kai har Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin hukumar a farkon Maris 2024, bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki salon kamen dakarunsa, kafin a sasanta ya koma. A 2025 EFCC ta gurfanar da ita kan wulaƙanta naira. Duk wannan bai hana ta ɗaukar waya ta yi wa jama'a sallama ba, jama'ar kuma suna amsawa.

Da ba haka abin yake ba. A 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata jarumar fim ya bi wayoyi ta Bluetooth, sana'arta ta tsaya cak, masana'antar ma gaba ɗaya ta ɗanɗana kuɗarta a hannun hukumar tace finafinai ta Abubakar Rabo. Dalili kuwa, abincin ɗan fim a lokacin yana hannun mutane ƙalilan, wato furodusa da dillalan kaset. In suka juya maka baya, sai ka nemi wata sana'ar. Zuwa 2016, da ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau kan fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ, ƙofofi sun yi yawa: ta shiga finafinan Kudu, daga baya har Indiya ta kira ta.

Ɗan TikTok kuwa ba shi da uban gida sai 'yan kallo. Ka tsaya a rumfar cajin waya a kasuwar IBB nan Suleja, za ka ga samari sun haɗa kai kan waya ɗaya, kowa na cewa "Allah ya shirya", amma babu mai matsar da yatsa ya wuce. Wani ya rubuta zagi, wani ya tura wa abokinsa don shi ma ya yi tir. Manhajar ba ta san tsinuwa ba, ba ta san yabo ba. Daɗewar ido take ƙirgawa, ta ƙara yaɗa bidiyon. Masu tallar turare da atamfa su ma yawan mabiya suke dubawa.

Amma kada a ce hukunci ya mutu. 'Yan TikTok Mubarak Uniquepikin da Nazifi Muhammad sun sha bulala ashirin-ashirin a Nuwamban 2022 saboda barkwancin da suka yi da Gwamna Ganduje, kuma wannan ya nuna cewa wanda ya taɓa mai mulki ya fi saurin ji a jikinsa. Tabon da ya fi daɗewa kuwa a gida yake, a kan mata musamman, ya fi kuma tsanani ga ƙananan da suka kwaikwayi manya ba tare da mabiyansu ko lauyoyinsu ba. Yarinya ta goge shafinta, ta canza lamba, amma ranar da dangin miji suka fara bincike, sai wata gwaggo ta zaro bidiyon daga WhatsApp.