Kiwon kunama: Sha'awa ce, neman kuɗi ne, ko jawo wa gida fitina?

Duk wanda ya tashi a tsofaffin unguwannin birnin Katsina, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Guga, ya san dokar bazara: kafin a zura ƙafa a takalmi sai an kakkaɓe, kafin a shimfiɗa tabarma a tsakar gida sai an haska fitila. Idan kuma aka ji ihun yaro cikin dare, kafin a tambaye shi, zargi ya riga ya hau kan kunama.

Sai ga shi wannan halitta da aka saba bi da takalmi ta zama abin kiwo a wasu ƙasashe. A TikTok da Facebook, bidiyoyi na yawo na masu ajiye ta a akwatin gilashi, da na masu cewa dafinta ya fi zinare tsada. Ga matashin da ya gama karatu babu aiki, ga kunama kyauta a ƙarƙashin kowane dutse, ba abin mamaki ba ne ya fara lissafi.

Wasa da kunama ba baƙon abu ba ne

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin gardawa da masu tallar magani da ke zagaya kasuwanni da macizai da kunamu. Mutum zai ɗora kunama a tafin hannu ko a fuska, jama'a su taru, sannan ya fito da ƙullin maganin harbi. Abin da 'yan kallo ba sa lura da shi shi ne, idan aka gutsure tsinin ƙarin kunama, ba ta iya huda fata.

Kiwon sha'awa irin na Turai da Amurka daban ne. A can, wadda aka fi ajiyewa ita ce ƙatuwar baƙar nan mai manyan hannuwa, dangin wadda Bahaushe ke kira duwu. Masana na kiranta Pandinus imperator. Tsawonta kan kai santimita 20, takan yi shekara 6 zuwa 8 a raye, kuma harbinta bai cika wuce zafin na zuma ba.

Asalinta daga nan Afirka ta Yamma ne. Shekara da shekaru ana kwasar ta daga Ghana da Togo da Benin ana kai wa ƙasashen waje, har ta kai a 1995 aka sanya ta cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido. Najeriya na cikin wannan yarjejeniya, don haka fitar da irin wannan kunama ba tare da takardar izini ba laifi ne.

Ta daji daban, ta bayan gida daban

Ita wannan baƙar kunama 'yar kurmi ce. Tana son laima da ƙasa mai danshi da za ta yi rami, abincinta kuma gyare da kyankyaso da fara. Hunturun Katsina da zafin watan Afrilu ba nata ba ne, sai an riƙa yayyafa mata ruwa.

Wadda matashi zai tono a kangon gida ko a bayan gari, galibi 'yar ƙarama ce, ja ko ruwan ƙasa, daga dangin da ake kira Buthidae. A cikin nau'in kunama fiye da 2,000 da aka sani a duniya, ƙasa da 50 ne ke iya kashe mutum, kuma kusan dukkansu daga wannan dangi suke. Mafiya haɗari, irin su Leiurus da Androctonus, suna rayuwa ne a yankin Sahara da gefensa, har da Jamhuriyar Nijar. A yankin Agadez harbin kunama na cikin abubuwan da ke kai yara asibiti, wani lokaci har da rasa rai.

Masana na ba da wata alama: kunama mai ƙattan hannuwa da siririn bindi ta fi dogara da ƙarfinta, mai siraran hannuwa da kaurin bindi kuwa da dafinta take taƙama. Alama ce kawai, ba a jingina ran yaro a kanta.

Sannan kunama ba ta sabo. Ba kyanwa ba ce, ba tantabara ba ce. Ko shekara nawa ta yi ana ba ta abinci, ba ta san mai ita ba. Ba ta iya hawa gilashi mai santsi, amma tana kutsawa ta 'yar ƙaramar kafa. Kuma haihuwa take yi, ba ƙwai ba, ta goya 'ya'yanta a baya har su yi saɓar farko. Wanda ya kamo guda ɗaya mai ciki, yana iya wayar gari da ashirin ko fiye.

Lissafin dafin miliyoyi

Maganar da ta fi yawo ita ce galan ɗaya na dafin kunama ya kai Dala miliyan 39. An samo wannan adadi ne ta hanyar ninka farashin 'yan ɗigon da kamfanoni ke sayar wa ɗakunan bincike. Babu mai sayen galan.

Kunama ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce miligiram 2 a tatsa guda, sau da yawa ma bai kai haka ba. Ke nan giram ɗaya na buƙatar tatsa 500 ko fiye, kuma bayan kowace tatsa sai an bar ta ta huta na makonni. Daga nan sai an daskarar da dafin, an busar da shi da na'ura, an kuma tabbatar da nau'in kunamar da inda aka kamo ta.

Gaskiya ne dafin na da amfani. Daga na Leiurus aka gano sinadarin chlorotoxin, wanda masu bincike a Seattle ta Amurka suka yi amfani da shi wajen haɗa wani ruwa mai haska ƙarin ƙwaƙwalwa lokacin tiyata. Sai dai yanzu a ɗakin gwaji ake haɗa sinadarin, ba sai an tatsi kunama ba.

Gaskiya ne kuma akwai waɗanda suka ci riba. A 2020 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin wani matashi a Masar, Mohamed Hamdy Boshta, mai kunamu kusan 80,000. Amma shi kamfani ya kafa, da kayan aiki da masu saye a Turai da Amurka.

A Iran, inda aka yi rububin buɗe gonakin kunama, da yawa sun tashi da dafin da babu mai saye. A 2021 wasu masana, ciki har da Alireza Zamani na Jami'ar Turku da ke Finland, sun yi gargaɗin cewa wannan rububi na iya ƙarar da wasu nau'o'in kunama. Sau da yawa wanda ya tabbata ya samu kuɗi shi ne mai sayar da horo da akwatuna.

Wa zai ɗauki harbin?

Gidan Bakatsine ba gidan mutum ɗaya ba ne. Akwai ƙanne, akwai masu rarrafe, akwai tsohuwa mai kwana a tabarma. Wani nazari da Chippaux da Goyffon suka wallafa a 2008 ya ƙiyasta cewa kunama na harbin mutum fiye da miliyan 1.2 a shekara, fiye da 3,000 kuma na mutuwa. Yara ne suka fi shiga haɗari, domin dafin da babba zai sha da raɗaɗi kawai, yana iya taɓa zuciya da huhun ƙaramin yaro.

Ta fuskar addini ma, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sanya kunama cikin halittu biyar masu cutarwa da aka yarda a kashe ko da mutum na cikin harami. Malamai da dama na ganin bai halatta a sayi ko a sayar da abin da cutarwa ce kawai a cikinsa ba, sai in akwai amfani tabbatacce kamar haɗa magani.

Idan tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a ba da Paracetamol. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi, kada a zuba fetur ko kananzir.

Idan yaro ne, musamman in ya fara zufa, amai, dalalar da miyau, fizge-fizge ko numfashi sama-sama, kada a jira gari ya waye. A nufi Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa.

Mai sha'awar sanin kunama na da hanyar da ba sai ya kawo ta ɗaki ba. Jikinta na ƙyalli da launin kore-kore idan aka haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Da wannan fitila masu bincike ke neman ta cikin dare, kuma da ita magidanci zai iya zagaya tsakar gida da gindin katanga kafin a shimfiɗa wa yara tabarma. Ɗalibin da abin ya shiga ransa kuwa, sashen nazarin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fi ƙarƙashin gadonsa dacewa da wannan bincike.