Sabuwar kurwa, tsohon tandar: kukan da bai kamata a raina ba

A watan jiya na kai motata wani garaji a nan Yamai aka sauya mata kurwar distribisiyo, wato ɗamarar roba mai haƙora da ke haɗa sandar ƙasan inji da ta sama, domin sufaf su riƙa buɗewa da rufewa a kan lokacinsu. Kwana uku bayan haka, ina shirin tafiya Doso, sai na ji wani siririn kuka yana fita daga gaban inji. Makanike ya ce: "Alhaji, sabuwa ce, za ta zauna." Da na matsa aka buɗe murfi, sai ga shi ba kurwar ce ke kuka ba, tandar ne.

Tandar wata ƴar gargare ce mai rulma a ciki, aikinta ta danne kurwa kada ta yi sako-sako. Tun karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tsada, masu mota da dama suka saba da sayen kurwa kaɗai, a bar tsohon tandar, ko a nemo na hannu a kasuwar Katako. Alhali kuwa tafiyar da kurwa ta yi, shi ma ya yi ta, cikin ƙurar hunturu da zafin Afrilu mai wuce digiri 40.

To, yaya ake gane mai laifi? Da farko a cire kurwar waje, wadda ke juya na'urar cajin batir, a tada inji na ɗan lokaci. Idan kukan ya ɗauke, matsalar tana waje. Idan bai ɗauke ba, a saurara da kyau: kuka mai kamar fito da ke ƙaruwa in an taka wuta, yawanci an ɗaure kurwa fiye da kima ne, kaɗawa kamar ana bugun murfi, ta yi sako-sako, gurnani kuwa, rulma ce ta ci.

Daga nan a kashe inji, a buɗe murfi. A duba ko kurwa tana tafiya a tsakiyar gargare ko ta karkata gefe tana cinyewa. A juya inji da hannu sau biyu, a ga ko alamomin saiti sun koma daidai. In an sassauta kurwa, a murza tandar da yatsa: mai lafiya yana juyawa sumul, ba girgiza, ba maiƙo a gefensa.

Abin ba ƙarami ba ne. Tsohuwar Peugeot 504 sarƙa take da ita, amma 405 da 406, da Toyota Hilux ta da mai shan gazuwal, kurwa ce. A irin waɗannan injuna, idan tandar ya maƙale kurwa ta tsallake haƙora, fistan na iya dukan sufaf ya lanƙwasa su. Nan fa aiki ya koma sauke kan inji, kuɗin da zai iya lashe albashin wata.

Saboda haka, ɗan kasuwa da ma'aikaci, duk ranar da za ku sauya kurwa, ku sauya tandar tare da ita, ku kuma ce a ba ku tsofaffin a hannu. Araha dai ba ta ado. Ni kam na ɗage tafiyar Doso da kwana guda, ban kuma yi nadama ba.