Wace mota ake shiga gwajin tuƙi da ita?

Gwajin tuƙi jarrabawa ce da jami'i ke yi wa mai neman lasisi don ya ga hannunsa a kan titi. Dole motar ta dace da rukunin lasisin: A na babur ne, B na ƙaramar mota da ba ta kai tan 3 ba. Birki, fitilu, sigina da madubi su kasance lafiya, inshora ba ta ƙare ba. Mai sitiyari a dama ba ta shiga, domin tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama. Matashin da zai ari motar maƙwabci, gara ya duba takardunta tun daga gida, ko ya nemi ta makarantar tuƙin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita.