Abin Da Ke Sa Uwar Kwamfuta Ta Mance Da Baƙonta

Duk malamin da ya taɓa zama a shagon intanet a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, domin ya cika wa ɗalibinsa takardar neman shiga makaranta, ya san wannan ɓacin rai. Ya sa suna da lambar sirri, ya cika shafi uku, yana shiga na huɗu sai a ce ya koma farko. Aikin sa'a guda ya salwanta, kuɗin shago ya ƙaru, ranar rufe rajista kuwa ba ta jiran kowa. Tun 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta, aikin intanet ya zama tilas ga kowane mai ɗa a makaranta. Saboda haka ya kamata mu san asalin wannan cuta.

Ƙa'idar da shafunan intanet ke tafiya a kanta, watau HTTP, ba ta riƙe kowa a rai. Kowace dannawa, baƙo ne sabo ya yi sallama. A 1994 wani ma'aikacin kamfanin Netscape a Amurka, Lou Montulli, ya ƙago dabarar da a ke kira kuki. Misalinta kamar rasit ne na akawun Baitulmali a zamanin En'e: yanki guda a hannunka, ɗaya yankin yana cikin littafinsa, lambarsu ɗaya. Uwar kwamfuta ta kan buɗe maka shafi a littafinta, ta ba ka lamba, in ka dawo da ita ta gane ka. To, in an kore ka, ko dai rasit ya ɓace, ko littafi.

Mai gyara zai fara da rasit. Ya duba ko lambar tana sakewa daga shafi zuwa shafi. In tana sakewa, kukin ne ba ya dawowa, sau da yawa domin an rubuta shi da sunan wani adireshi dabam.

In lamba ba ta sake ba, sai a duba wa'adi. Manhajojin da aka gina da PHP, in ba a gyara musu ba, suna iya share zaman da ya yi minti 24 ba motsi. Malamin da ya tashi neman takardar haihuwar yaro ya kan dawo ya iske an share shi.

Na uku, wurin ajiya. In littafin yana cikin ƙwaƙwalwar injin kaɗai, da wuta ta ɗauke, ko aka sake tayar da shi, kowa ya fita. In kuma a faifai ya ke, a duba ko faifan ya cika.

Na huɗu shi ya fi ruɗarwa, domin yau ya faru gobe bai faru ba. Manyan ma'aikatu su kan sa injuna biyu ko uku su raba aiki. Akawu na farko ya rubuta ka, aka tura ka wurin na biyu, shi kuwa littafinsa dabam. Maganinsa, ko a ɗaure kowane baƙo ga akawu guda, ko kuma, abin da ya fi, a yi musu littafi ɗaya, kamar rumbun Redis.

Gyaran nan ba sai an ɗauko baƙo daga nesa ba. An kafa makarantar koyon aikin kwamfuta a Kazaure a 2001, aka kuma kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021. 'Ya'yanmu ne za su riƙe wannan littafi, sai mu ƙarfafa su.

Amma kafin nan, malam, tattara takardun yaro duka a gabanka tun ba ka zauna ba, ka rubuta amsoshi a takarda, ka adana kowane shafi da ka gama. Da tsohuwar zuma a ke magani. Allah Ya ba yaranmu sa'a, amin.