DAJIN YANKARI DA KUƊIN TSARONSA

Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya ji sunan Yankari, ko da bai taɓa zuwa ba. Ana koya wa yara cewa wani babban daji ne a ƙasar Bauchi inda giwa da zaki da ɓauna su ke zaune ba mai taɓa su, da wani marmaro mai ɗumi da a ke kira Wikki. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne, wannan daji ma'aikata ce ta Gwamnati kamar asibiti ko makaranta. Yana da ma'aikata masu jiran albashi, da motoci masu shan mai, da kuɗin da a ke karɓa a ƙofa, da kasafin da a ke yi masa kowace shekara. Bisa wannan gefen mu ke so mu yi magana yau da malaman ofis da malaman makaranta, gama su ne su ka san takarda da lissafi, kuma in an bi diddigi, ran giwar Yankari a jikin takarda da lissafi ya ke rataye.

ASALIN DAJIN

Cikin 1956 ne Gwamnatin Jihar Arewa ta yarda a keɓe wannan wuri don kiyaye namun daji. Cikin 1957 aka shata iyakarsa, aka sa shi cikin gandun dajin En'e ta Bauchi. Ran 1 ga Disamba, 1962, aka buɗe shi ga masu zuwa kallo. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji kuwa ya ratsa ta tsakiyarsa, shi ya sa da rani, sa'ad da ruwa ya janye a sauran wurare, namun su kan taru a bakinsa: gwanki da kanki da gwambaza da mazo da mugun dawa, ga dorina da kada a cikin ruwa. Marmaron Wikki ɗuminsa ba ya sakewa, yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. A cikin dajin har yanzu akwai tsofaffin rijiyoyi da kogunan dutse da matoyar tama ta maƙera, alamar mutanen da su ka zauna can tun dā su ka tashi.

To, daga nan sai dajin ya shiga sauya hannu. Da aka raba Jihar Arewa cikin 1967 ya faɗa hannun Jihar Arewa maso Gabas. Da aka kafa Jihar Bauchi cikin 1976 ya koma hannunta. Cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi da Doka ta 36, ta sa shi cikin manyan gandayen daji na ƙasa. Sa'an nan cikin 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, Jihar Bauchi ta nemi a mayar mata da abinta, aka kuwa mayar. Hausawa su kan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ba su faɗi haka game da amana ba. Duk ran da ma'aikata ta sauya ubangida, sai an sake shirin ma'aikata da albashi da littattafan kuɗi, kowane akawu kuwa ya san a wajen irin wannan miƙe-miƙe ne kaya su kan salwanta.

Yana da kyau a lura da cewa Bauchi ta bi hanyar da ta saɓa wa ta wasu. Cikin 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yarda a mai da wurare 10 su zama gandayen daji na ƙasa, cikinsu har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da fadamun Haɗeja a Jigawa, da Pandam a Filato. Watau wasu jihohi suna neman a sauke musu nauyi, Bauchi kuwa ta ɗauki nata da kanta. Wannan abin yabo ne, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

KUƊI IRI BIYU

Kasafin kowace ma'aikata kashi biyu ne. Akwai kuɗin manyan ayyuka, watau gini da hanya da sayen motoci. Akwai kuma kuɗin yau da kullum, watau albashi da mai da gyara da guzuri. A wurin yawon buɗe ido kashin farko ya fi farin jini, domin ana ganinsa da ido. In an gina masauki sai a kira manya, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Amma ba wanda ya taɓa kiran taro don ya nuna an saya wa mai gadin daji takalmi, ko an zuba wa motar sintiri mai.

Ga shi kuwa baƙo ba don ɗaki ya ke zuwa Yankari ba. Ɗaki mai kyau akwai shi a Abuja da Kano da Jos. Abin da ya sa mutum ya baro garin Bauchi ya yi tafiyar fiye da kilomita 100, ya bi ta Dindima ya shiga ta ƙofar Mainamaji, shi ne ya ga giwa a dajinta. Giwar nan kuwa abin da ke tsare ta shi ne masu gadin da su ka goya kayansu su ka shiga daji a ƙasa, su ka kwana bakwai suna bin sawun mafarauta da garken shanun da aka shigar ba bisa doka ba. In guzurinsu bai fito ba, ba za su fita ba. In ba su fita ba, mafarauci ya sani kafin kowa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasu daga cikin masu gadin nan sun rasa rayukansu a hannun mafarauta, saboda haka ba ƙaramin aiki a ke sa su ba.

Lissafin giwayen da kansa ya isa shaida. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama cikin 2006 ta sami wajen giwa 350. Bayan 'yan shekaru, sa'ad da cinikin haure ya yi zafi a Afirka duka, masana su ka kimanta saura tsakanin 100 da 150. Zakuna ma kaɗan su ka rage, raƙumin dawa kuwa ya daɗe da ƙarewa a dajin. Ɗaki in ya rushe a kan sake gina shi cikin shekara guda. Giwa kuwa wata 22 ta ke ɗauke da ciki, ɗa ɗaya ta ke haifa, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. Ɓarnar damina ɗaya sai ta ci shekara ashirin ba a gyara ba.

Cikin 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kiyaye namun daji ta Amurka da a ke kira WCS, don ta taimaka wajen shirya aikin tsaro. Abin da aka yi ba wani abin al'ajabi ba ne. An ba masu gadi horo da kayan aiki, ana biyansu kuɗin sintiri bisa ga kwanakin da su ka yi a daji, an ba su na'ura mai rubuta duk inda su ka taka, an kuma ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda garke ya ke. Ƙungiyar ta ba da labari cewa daga watan Mayu na 2015 an yi shekaru ba a sami gawar giwar da mafarauta su ka kashe ba. Darasin a fili ya ke: kuɗi kaɗan mai zuwa kan kari, wanda a ke bin sawunsa, ya fi kuɗi mai yawa da ke cikin takarda kawai. Amma fa taimakon baƙo aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Dajin na Gwamnati ne, tsaronsa kuma wajibinta ne.

WA KE DUBAWA?

Tsarin Mulki na 1999 bai bar wannan magana a duhu ba. Sashe na 120 ya ce kuɗin da jiha ta samu asusu ɗaya za su shiga, kuma ba a fid da ko kwabo sai da yardar doka. Sashe na 121 ya ɗora wa Gwamna ya kai kasafin shekara gaban Majalisar Dokoki. Sashe na 125 ya kafa Babban Odita na Jiha, ya ce ya miƙa rahotonsa ga Majalisa cikin kwana 90 bayan ya karɓi lissafin shekara daga Babban Akanta. Sashe na 128 kuwa ya ba Majalisa ikon bincike don ta tona ɓarna da sakaci da almubazzaranci wajen kashe kuɗin da ta yarda a kashe.

Akwai wani ɗan lungu a nan da ya kamata malamai su sani. In an mai da wata ma'aikata hukuma mai cin gashin kanta wadda doka ta kafa, Babban Odita ba shi ne ke binciken littattafanta kai tsaye ba. Shi dai ya kan ba da sunayen masu binciken da za a zaɓa daga ciki, ya yi sharhi bisa rahotonsu, ya kuma leƙa lokaci lokaci. Wuraren yawon buɗe ido kuwa galibi irin wannan tsari a kan yi musu, don su yi ciniki kamar kamfani. Cin gashin kai yana da amfani, gama ba sai an jira sa hannu daga hedkwata ba kafin a sayi man injin wuta. Amma in Majalisa ba ta nemi rahoton ta karanta ba, sai wurin ya zauna ba ido a kansa.

Mutanen dā sun gane wannan. A zamanin En'e, ma'aji ba ya fid da kuɗi daga baitulmali sai da bauca, mai karɓar haraji ba ya karɓa sai ya yanka rasit, kuma a kan zo ba zato a ƙidaya abin da ke cikin akwati a gwada da abin da ke cikin littafi. Ba don an ɗauki ma'aji ɓarawo a ke yin haka ba. Don a tsare shi ne, a tsare dukiyar jama'a. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Saboda haka, a ganinmu, akwai tambayoyin da ya kamata kwamitin Majalisa ya riƙa yi kowace shekara game da Yankari da kowane wuri irinsa, har da gandun Sumu na ƙasar Ganjuwa, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da ƙasar Namibiya ta bayar cikin 2006. Nawa aka kasafta, nawa kuma aka saki a zahiri, a wane wata? Baƙi nawa su ka shiga ta ƙofa, kuma kuɗin da aka kai asusu ya yi daidai da yawan rasit? Kwana nawa masu gadi su ka yi a sintiri? Motoci nawa ke tafiya, nawa ke kan dutse? Mutum nawa aka kama, nawa aka kai kotu, me aka yanke? Yaushe aka ƙidaya namun a ƙarshe? Amsar waɗannan ba ta fi shafi biyu ba, amma ta fi dogon jawabi nuna gaskiyar wuri. Ya kamata kuma 'yan kwamitin su je da ƙafarsu, kada su tsaya a bakin marmaro, su wuce har sansanin masu gadi da ke gefen daji.

MAƘWABTAN DAJI

Akwai wasu da ba a cika sa su cikin kasafi ba, su ne mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dajin. Da kaka giwaye su kan fito su shiga gonaki, cikin dare ɗaya su cinye abin da magidanci ya noma shekara guda. Mutumin da aka yi wa haka, in bai ga wani amfani da dajin ya ke jawo masa ba, da wuya ya kai labarin mafarauci. Kuɗin da aka sa wajen korar giwa daga gona, da ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan aiki, da gyara musu rijiya da makaranta, shi ma kuɗin tsaro ne, ko da ya ke a wani shafi dabam a ke rubuta shi.

Kada kuma a ɗauka asarar namu ce kaɗai ke biyo bayan sakaci. Sambisa ta ƙasar Barno gandun namun daji ce tun asali, kafin 'yan Boko Haram su mai da ita mafaka. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari yana cikin gandayen Tarayya, duk da haka ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun ɓuya a cikinsa shekaru da dama. Wannan ya nuna sunan mai daji, jiha ko Tarayya, ba shi ke tsare daji ba. Dajin da ma'aikacin Gwamnati ya daina takawa, wani zai taka shi, abin da za a kashe wajen fid da shi kuwa ya ninka albashin masu gadi sau da yawa.

NAMU AIKIN

Malamin ofis da takardar guzurin masu gadi ta zo teburinsa, ya sani ba takarda ce kamar sauran ba, kwana ukun da ta yi a ƙarƙashin fayil kwana uku ne da daji ya yi ba mai tsaro. Malamin makaranta kuwa yana da hanya biyu. Ta farko, ya shirya wa ɗalibansa ziyara da rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta namu su ka taru a bakin Gaji, ya biya kuɗin ƙofa a gabansu, ya karɓi rasit, ya gaya musu dalilin karɓarsa. Ta biyu, ya nemo kasafin jiharsa, tun da ya ke yanzu jihohi su kan buga shi a intanet, ya kawo shafin gandun daji da yawon buɗe ido cikin aji a darasin lissafi. Yara su tara, su ɗebe, su gwada abin da aka kasafta da abin da aka kashe. Yaron da ya koyi wannan yana aji shida, ran da ya zama akawu ko ɗan majalisa ba sai an koya masa tambaya ba.

Waɗanda su ka shata Yankari cikin 1957 sun bar mana giwa da zaki da rai. Ko za mu bar wa na bayanmu su, ko kuwa hotonsu kaɗai, wannan yana ga yadda mu ka riƙe littafin kuɗin dajin bana da baɗi.